Ɗanmu Na Son Tuƙin Jirgi: A Dunƙule Ko Daki-daki?



A littattafanmu matuƙin jirgi ba ya shan wahala. A babi na ɗaya ya gama sakandare, a na uku ya sauka Kano da fararen kaya. Abin da ke tsakani, inda gonar uba kan salwanta, ba ma rubuta shi. Alhali daga Gagarawa Tasha zuwa Gumel, Maigatari da Sule Tankarkar akwai yara masu wannan buri da gaske, kuma wasunsu a wurinmu suka fara jin labarin aikin.

Hanya biyu ce zuwa lasisin tuƙin jirgin haya. Ta farko a dunƙule take: yaro ya shiga makaranta ɗaya, kamar Kwalejin Koyon Tuƙin Jiragen Sama ta Zariya da aka kafa a 1964, ya zauna kimanin shekara biyu ba ya wata sana'a. Ta biyu daki-daki ce: ya fara da lasisin tuƙa ƙaramin jirgi na ƙashin kai, wanda ke buƙatar aƙalla sa'o'i 40 a sama, ya koma nema, ya dawo ya tara sa'o'i, sannan ya koyi tuƙi da na'ura cikin gajimare da tuƙa jirgi mai inji biyu. A ƙa'idar duniya mai bin hanyar farko zai iya samun lasisin da sa'o'i 150, mai bin ta biyu sai ya cika 200. Lasisin kuwa iri ɗaya ne.

Ra'ayinmu shi ne, in ba gwamnati ko wani mai hali ne ya ɗauki nauyin karatun baki ɗaya a rubuce ba, ɗan yankinmu ya bi daki-daki. Kuɗinmu ba a dunƙule suke zuwa ba. Na riɗi sai kaka, na dabba sai an kai kasuwar Maigatari ranar Alhamis. Wanda ya shiga hanyar dunƙule kuɗi suka yanke masa a tsakiya zai iya komawa gida ba lasisi, ga gona ta tafi. Mai daki-daki kuwa duk inda ya tsaya yana riƙe da abin da ya kammala.

Masu ɗaya ra'ayin suna da hujja, kada mu raina ta. Hannun da ya yi wata shida bai taɓa jirgi ba sai an biya kuɗin maimaici. Jarrabawar da aka ci tana da wa'adi. Man jirgi da kayan gyara da dala suke tafiya, kuma mun ga yadda naira ta faɗi tun 2023, wanda ya jinkirta sai ya tarar farashi ya wuce shi. Wannan gaskiya ne. Shi ya sa muke cewa kada a fara mataki sai kuɗinsa sun cika a hannu, kuma kada a bar tazara ta yi tsawo.

Akwai abu biyu da suka shafi kowa. Kafin a sayar da ko akuya, yaro ya je gwajin lafiya na ajin farko wurin likitan da hukumar NCAA ta amince da shi, domin matsalar ido ko zuciya na iya rufe ƙofar tun ba a fara ba. Na biyu, lasisi ba aiki ba ne. Gwamnatin Kano a zamanin Kwankwaso ta tura matasa 100 Jodan koyon tuƙi, da yawansu suka dawo suka daɗe a gida. Kamfani na son wanda ya yi horo na musamman a kan samfurin jirginsa, kamar Boeing 737, wannan kuma kuɗi ne daban. Ba a fafe gora ranar tafiya, a sa shi cikin lissafi tun farko.

Mu da ke riƙe da alƙalami, in za mu sa tauraronmu a kujerar matuƙi, mu nuna wa mai karatu wa ya biya, da me aka biya, da shekarun da aka yi ana jira. Wata uwa na iya karantawa kafin a kira dillalin gona.

Allah Ya yi wa yaranmu jagora. Muna jiran ra'ayoyinku.