Ruth Graham, uwargidan da ta riƙe gida, ta riƙe ɗarikarta

Duniya ta san Billy Graham, shahararren mai wa'azin Kirista na Amurka. Kaɗan ne suka san macen da ta riƙe masa gida kusan shekara 64.

An haifi Ruth Bell a 1920 a ƙasar Sin, inda mahaifinta yake likitan mishan na ɗarikar Firesbiteriyan. Burinta tun tana budurwa shi ne aikin bishara a Tibet, amma auren da ta yi a 1943 ya sauya mata hanya.

Maigidan yakan yi watanni bai kwana gida ba. Ita ta reni ƴaƴansu biyar a Montreat, cikin duwatsun Karolina ta Arewa, ita kuma ta tsaya kan ginin gidansu na katako. Biyayyar aure ba ta raba ta da majami'ar iyayenta ba: mijin ɗan Baftis ne, ita kuwa ta zauna Firesbiteriyan har ta rasu ran 14 ga Yuni 2007, tana da shekara 87.

A kan kabarinta an rubuta kalmomin da ta gani jikin wani allon gyaran hanya, masu cewa aiki ya ƙare, an gode da haƙuri.

Falke ko ma'aikaci, duk mai yawan tafiya ya tuna da wadda ke riƙe masa gida.