Ƙidayar Ambato da Gonakin Ungogo

A jami'o'in zamanin nan, idan aka tashi auna malami, ba safai ake fara tambayar abin da ya gano ba. Tambayar farko ita ce: sau nawa wasu manazarta suka ambaci aikinsa, kuma da su wa ya yi tarayya wajen rubutu? Wannan ma'auni ya samo asali ne daga Amurka, inda Eugene Garfield ya fito da kundin ƙidayar ambato na kimiyya a 1964. A 2005 kuma Jorge Hirsch ya kawo abin da ake kira ma'aunin h, watau idan malami yana da maƙalu 20 waɗanda aka ambaci kowace ɗaya aƙalla sau 20, to ma'auninsa 20 ne. Ba a musun amfaninsa, domin lamba ba ta san ɗan gida ba, ba ta san bare ba. Sai dai akwai nauyin da wannan sikeli ba ya iya ɗauka, kuma ƙasar Ungogo ta isa misali.

A 1965 Sashen Labarin Ƙasa na Jami'ar Ahmadu Bello ya buga wani rahoto na Michael Mortimore da J. Wilson mai suna Land and People in the Kano Close-Settled Zone. An shirya shi ne domin hukumar tsara birnin Kano da kewayensa, kuma a gundumar Ungogo aka yi binciken. A wancan zamani Turawa masana da dama sun ɗauka cewa duk inda jama'a suka yi yawa dole ƙasa ta mutu. Abin da aka tarar a kewayen Kano ya saɓa wa haka. Manomi yana noma gona ɗaya kowace shekara ba tare da ya bar ta saura ba, yana haɗa gero da dawa da gyaɗa da wake, yana kiwon awaki da tumaki saboda takinsu, yana kuma tattalin ɗorawa da kuka da gawon da ke gonarsa kamar yadda yake tattalin rumbunsa. Da rani jakuna su shiga birni da itace, su komo da mangalar taki. Kan wannan harsashi Mortimore ya ci gaba da gini har zuwa littafin More People, Less Erosion na 1994, wanda ya rubuta tare da Mary Tiffen da Francis Gichuki a kan Machakos ta ƙasar Kenya, littafin da ya zaga duniya.

To, a nan ne gizo ke saƙa. Manyan kundayen ƙidaya irin su Scopus an gina su ne a kan zaɓaɓɓun mujallu, akasarinsu na Ingilishi, kuma rahoton da wani sashe ya buga a Zariya ba ya cikin wannan sahu. Ke nan ma'aunin yakan ga reshen da ya yi 'ya'ya, ya kasa ganin saiwa. Alhali kuwa darajar rahoton ƙaruwa take yi. Birni ya riga ya cinye gonaki masu yawa a wajen Rijiyar Zaki da Bachirawa, an yanka su fuloti-fuloti, kuma duk mai son sanin yadda ƙasar take kafin haka sai ya koma ga irin wannan tsohuwar takarda.

Zanen tarayyar marubuta shi ma da sauran gyara. Kwamfuta takan ja layi tsakanin duk mutum biyu da sunayensu suka fito a kan aiki ɗaya, saboda haka za a ga Mortimore haɗe da Wilson da Tiffen da Gichuki da William Adams. Amma wane ne mai ilimin da aka rubuta? Manomin Ungogo da ya san mangala nawa gonarsa ke ci, da mai unguwar da ya nuna iyakokin gonaki, da tafintan da ya mai da magana Ingilishi, babu ɗayansu a cikin zanen. Iyakacin rabonsu shi ne shafin godiya, shi kuwa ba a ƙirga shi. Haka nan shekarun da Mortimore ya yi yana koyarwa a Zariya daga 1962, da kuma a Jami'ar Bayero daga 1979 zuwa 1986, ba su da gurbi a ciki.

Malaman ƙasar Hausa na dā sun fi wannan adalci. Abdullahi ɗan Fodiyo ya wallafa Ida'un Nusukhi musamman domin ya jera malaman da ya ɗauki karatu a wurinsu, tun daga yayansa Shehu Usmanu har zuwa Malam Jibrilu ɗan Umaru, da littattafan da ya karanta a gabansu. A irin wannan salsala karantarwa ita ce igiyar da ke haɗa mutane, kuma ɗalibi ne ke shaidar malaminsa.

Wannan magana ta fi shafar sashen Hausa. Idan rahoton Ingilishi ya sha wuya a sikelin, ina ga maƙalar da aka rubuta da Hausa a Harsunan Nijeriya, ko kundin digiri a kan waƙoƙin noma da ke ajiye a ɗakin karatu? Muddin ƙarin girma ya rataya ga ambato kaɗai, malami mai wayo zai bar Hausa ya koma Ingilishi, ya bar ƙauye ya bi abin da editocin ƙetare ke so. Masana da editoci da suka taru a San Francisco a 2012 sun riga sun yi kira da a daina auna mutum da sunan mujallar da ya yi rubutu a cikinta. Abin da ya kamaci kwamitocin ƙarin girma shi ne su zaɓi ayyuka uku ko huɗu na malami su karanta da kansu, su dubi ɗaliban da ya yaye, sannan su tambaya ko sakamakon binciken ya koma wa mutanen da aka yi shi a gonakinsu cikin harshen da suke ji.