Tambayar addini: a zaɓi mai amsa, amma kada a kori wanda ake magana a kansa

Wata al'ada ta fara kafuwa cikin wayoyin salula na ƴan ƙasar nan, tun daga babbar kasuwar Maraɗi har ofisoshin gwamnati na Yamai, kuma ya kamata a tsaya a dube ta tun ba ta yi jijiya ba. Mutum zai jefa tambayar addini a zauren WhatsApp ko a Facebook, sai ya gindaya mata sharaɗi: wannan ta Ahlus Sunna ce kaɗai, ko ta ƴan ɗariƙa, ko ta Kiristoci, wanda ba namu ba ya kama bakinsa. Masu kula da zaurukan sun karɓi sharaɗin sun mayar da shi ƙa'ida. Baƙon da ya tanka, a share maganarsa; in ya sake, a fitar da shi.

Ba mu cikin masu cewa wannan duka laifi ne. Batijjanen da lazimin safe ya kuɓuce masa, yana son sanin yadda zai rama, ba ya bukatar mutum goma su taso masa da cewa wuridin kansa bidi'a ne. Muƙaddami yake nema. Ɗan Izala da ya tambayi hukuncin ƙabalu a salla yana da haƙƙin jin hujjar malaman da ya yarda da su. Haka ɗan Katolika da ke tambaya game da azumin kwana 40 da ke gabatar idin Paska, amsarsa tana bakin fada. Tun kafin a ƙago salula haka abin yake: almajirin da ya durƙusa a zaure yana biya Ahalari da Ishmawi da Iziyya, har ya kai Risala, ya san cewa a mazhabar Malikiyya yake karatu, kuma babu wanda ya taɓa kiran wannan wariya. Duk wanda ya ga yadda tambaya ɗaya kan zakkar kayan shago take rikiɗewa ta koma zage-zage na kwana uku, alhali mai tambayar bai samu lissafinsa ba, zai gane dalilin masu kafa shinge.

To amma akwai inda shingen yake sauya aiki. Tambayoyin da suka fi yawo a waɗannan rufaffun zauruka ba duka ne suka tsaya kan ibadar mai tambaya ba. Da yawa a kan wasu mutane ake yin su. Shin ya halatta a bi wane salla? A ci yankansa? A ba ɗansa aure? A je gaisuwar mutuwa gidan maƙwabci Kirista? Me waɗancan suke faɗa cikin zikirinsu, me waɗannan suke karantawa ranar Lahadi? A nan an kafa shari'a ke nan, wanda ake tuhuma kuwa an kulle shi waje. Babu alƙalin kirki da zai yanke hukunci da jin bakin mutum ɗaya. Malami yana da ikon ya ce a fahimtarsa abu kaza haramun ne. Wannan fatawarsa ce, ya ba mabiyansa. Amma ranar da ya ce su wane ga abin da suka yi imani da shi, ya bar fatawa ya shiga ba da labari, labari kuwa ana tantance shi, kuma waƙa a bakin mai ita ta fi daɗi.

Mu a Nijar mun san abin da baki ɗaya yake nufi. A shekarar 1974, bayan da Seyni Kountché ya karɓi mulki, aka kafa ƙungiyar addinin Musulunci ta ƙasa, wato AIN, ita ce kuma ta daɗe tana magana da sunan Musulmin ƙasar baki ɗaya a Muryar Sahel. Babban Taron Ƙasa da aka yi daga 29 ga Yuli zuwa 3 ga Nuwamba na 1991 shi ya buɗe ƙofa: ƙungiyoyin addini suka yawaita, gidajen rediyo masu zaman kansu suka biyo baya, talaka ya samu damar buga waya ya yi wa malami tambaya kowa yana ji. An sha hayaniya a waɗancan shekaru, an yi jayayya kan masallatai da limanci tsakanin ƴan Izala da ƴan ɗariƙu, amma a bainar jama'a aka yi ta, kowa yana jin abin da abokin gardamarsa ya faɗa da bakinsa. Abin mamaki, mu da muka yi kukan a cire mana takunkumin hukuma, yau kowane ɓangare yana ɗinka nasa ƙaramin takunkumi yana sa wa kansa.

Wanda yake ganin wannan zancen ƴan jarida ne kawai, ya tuna abin da ya faru a Maraɗi a watan Yuni na 2019. Majalisar dokoki tana shirin duba dokar da ta tsara gudanar da addini, wato ginin wuraren ibada da wa'azi. Wani limami ya hau mumbari ranar Juma'a ya ce dokar yaƙi ce da Musulunci. Aka kama shi, matasa suka fito, aka cinna wa wata majami'a wuta a unguwar Zariya. Da aka sake shi, ya kira mabiyansa su daina tarzoma, ya kuma bayyana cewa waɗanda suka fassara masa wata takarda daga Faransanci zuwa Hausa, da sunan ita ce dokar, su suka ɓatar da shi. A duba wannan da kyau. Tambayar da ta tayar da gari ba ta tauhidi ba ce, ba ta fiƙihu ba ce. Tambaya ce mai sauƙi: me aka rubuta a takardar? Wanda zai iya amsa ta kuwa ba lalle ne ya zama ɗan ƙungiyar liman ba. Yana iya zama lauya, ko magatakardan kotu, ko malamin makarantar boko ɗan wata ɗariƙa, ko ma Kiristan da aka ƙone wa wurin ibada. Zauren da ya kori duk waɗannan da sunan tsarkake akida ya kori mutumin da zai ce: ku dakata, ba haka aka rubuta ba.

Ba wannan ne karo na farko ba. A ranakun 16 da 17 ga Janairu na 2015, a Damagaram sannan a Yamai, fushin zanen ɓatancin da jaridar Charlie Hebdo ta buga a Faransa ya sauka kan maƙwabtan da ba su zana komai ba. Mutum 10 suka rasu, majami'u da dama suka ƙone. A ƙasar da ƙidayar 2012 ta nuna Musulmi sun haura kashi 99 cikin 100, yaro yana iya girma bai taɓa jin Kirista ya bayyana addininsa da kansa ba. Abin da ya sani game da shi, daga bakin wani ya ji.

Ƴan kasuwa sun fi kowa sanin amsar wannan matsala, ko da ba su kira ta da suna ba. Alhajin da ba zai bi maƙwabcin rumfarsa salla ba, shi ne zai ba shi kaya bashi na miliyoyin sefa ba takarda, domin shekara ashirin yana ganin halinsa. Kasuwa ba ta tambayar akida kafin ciniki, shi ya sa ƙaryar da aka yi wa mutum ba ta daɗewa a cikinta. Ma'aikatan gwamnati kuma, mu faɗa musu gaskiya, shirunsu ya yi yawa. Suna cikin waɗannan zauruka, suna ganin takardar jabu tana wucewa da tambarin minista, sun san jabu ce, amma tsoron kada a ce musu ƴan boko ya ɗaure musu harshe.

Ba muna kiran hukuma ta shigo ta zama mai gadin zaure ba ne. Dokar laifukan intanet ta 2019, wadda aka sassauta a 2022 sannan aka mayar mata da hukuncin ɗauri a watan Yuni na 2024, ta riga ta ba mahukunta sanda mai tsawo, kuma sandar da aka yanko don mai tunzura jama'a takan sauka a kan mai faɗin gaskiya. Kowace fitina da ta fito daga rufaffen zaure hujja ce ake miƙa wa masu son rufe bakin kowa. Gyaran na malamai ne da shugabannin ƙungiyoyi da masu kula da zaurukan. Mai tambaya kan ibadarsa ya faɗi wanda yake so ya amsa masa, a mutunta zaɓinsa. Amma da zarar an ambaci wata jama'a, a gayyato masaninta ya faɗi nasa, a bar maganarsa ta zauna ko da ba ta yi daɗi ba. In kuwa batun doka ne, ko allurar rigakafi, ko makaranta, ko haraji, to ba mallakar wata ɗariƙa ba ne, kowane ɗan ƙasa yana da baki a ciki. Kwamitocin tattaunawa tsakanin addinai da ke jihohi, waɗanda aka fi ganinsu bayan wuta ta tashi, nan ne wurin aikinsu na kullum.

Abu ɗaya ne muke nema daga gwamnati, kuma ba ya bukatar jandarma. Tun watan Maris na 2025 dokar ƙoli ta sake gina ƙasa ta ayyana Hausa a matsayin harshen ƙasa. To a fara da dokar addini ta 2019: a fitar da fassararta ta hukuma cikin Hausa da Zabarmanci da sauran harsunanmu, da boko da ajami, a karanta ta aya-aya a Muryar Sahel, a kuma tabbata kwafinta ya isa hannun kowane limamin Juma'a da kowane fasto daga Tawa har Diffa.