Ya ɓoye ƙarar diyya lokacin da ya bayyana karayar arzikinsa a kotun Amurka

Tambaya

Ina zaune a Amurka. Bashi ya yi mini katutu, na shigar da takardun karayar arziki, kotu ta sauke mini basussukan. A lokacin ina da ƙarar neman diyyar haɗarin mota a wata kotu, ban rubuta ta ba. Yanzu lauyan wanda nake ƙara yana neman a kori shari'ar saboda haka. Mene ne hukuncin abin da na yi?

Amsa

Godiya ta tabbata ga Allah.

Na farko: ka sani cewa a dokar Amurka haƙƙin neman diyya dukiya ne. Sashe na 541 na dokar karayar arziki ya shigar da shi cikin abin da amintaccen da aka naɗa zai tattara domin masu bin bashi, kuma takardar da ka sa wa hannu bisa rantsuwa tana tambayar irin wannan haƙƙi ko da ba a kai ga shigar da ƙara ba.

Abin da lauyan ya dogara da shi ƙa'ida ce da ke hana mutum ya ci riba da magana a wata kotu, sannan ya zo da kishiyarta a wata. Kotun Ƙolin Amurka ta fayyace ta a 2001, a shari'ar jihohin New Hampshire da Maine. Kotunan ɗaukaka ƙara sun saɓa wajen aiwatar da ita. Wasu sun tafi a kan cewa duk wanda ya san da ƙarar, kuma yana da amfani a ɓoye ta, da gangan ya yi. Kotun yanki na 11 kuwa, a 2017, ta ce sai an duba dukkan halin mutum, kamar iliminsa da ko ya sanar da lauyansa. Dalilin sassaucin shi ne, korar ƙarar tana cutar da masu bin bashi, tana kuma kuɓutar da wanda ya yi ɓarna.

Na biyu: malaman fiƙihu sun san wannan ƙa'ida a babin tufka da warwara cikin da'awa. Majallar hukunce-hukunce ta Daular Usmaniyya, a doka ta 100, ta tabbatar cewa ba a karɓar yunƙurin mutum na rushe abin da shi da kansa ya ƙulla.

Saurarawar da aya ta 280 ta Suratul Baƙara ta yi umarni da ita ta wanda yake cikin ƙunci ne da gaske. Kuma ya tabbata a Bukhari da Muslim, daga Abu Huraira (Allah Ya yarda da shi), cewa Annabi (tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi) ya kira jan ƙafar mai hali wajen biya zalunci. Idan ka ɓoye da gangan, ka haɗa ƙarya a kan rantsuwa da cin dukiyar mutane. Idan rashin sani ne, babu zunubi a kanka, amma haƙƙinsu bai faɗi ba, domin hukuncin alƙali ba ya halatta haram.

Na uku: ka tuba, ka nemi lauya ya buƙaci a sake buɗe shari'ar karayar arzikin, a gyara takardun. Sau da yawa kotuna suna barin amintaccen ya ci gaba da ƙarar ko da an hana mai bashin. Abin da aka samu a biya masu bin ka uwar kuɗinsu, ragowar naka ne. Kada ka jinkirta, domin ɓoye dukiya da gangan laifi ne da ɗaurinsa ke kaiwa shekara 5.

Allah ne Mafi sani.