A rushe pisin, amma kada a zuba mana ɓaraguzansa a lambatu

 Wataƙila wani zai ga kan wannan magana ya ce ina ruwan mai sayar da kayan miya da pisin, wato tafkin wankan nan na siminti da ake ginawa a bayan gidajen masu hali. To a biyo mu sannu a hankali, za a ga inda ruwan nata yake.

A damanar da ta wuce, a cikin shirinmu na safe a gidan rediyo, wata baiwar Allah mai sayar da kayan miya a Yamai ta kira mu murya na rawa. Ta ce wani ɗan kasuwa ya sayi wani babban gida da Turawa suka tashi daga cikinsa, ya sa aka fasa pisin ɗin gidan. Masu amalanke suka yi dare huɗu suna kwasar ɓaraguzan, suna juye su cikin lambatun da ya bi ta gaban rumfunansu. Da aka yi ruwa mai ƙarfi sai ruwan ya rasa hanya, ya hau titi, ya shiga rumfuna. Buhun albasa biyu da busasshen tattasai da garin tumatir ɗinta duk suka jiƙe suka lalace, alhali da kuɗin adashi ta saro su. Ta tambaye mu wa zai biya ta. Har yau ba mu da amsar da za mu ba ta, shi ya sa muka kawo maganar nan.

Abin da ya faru da ita ba zai tsaya kanta ita kaɗai ba. Tun bayan da sojojin Faransa suka kammala ficewa daga ƙasarmu a watan Disamba na 2023, na Amurka kuma a watan Satumba na 2024, baƙi da dama da ke haya a unguwanni irin su Filato da Kwara Kano sun tattara nasu ya nasu. Gidajen da aka gina da tsarin rayuwarsu sun koma hannun ƴan ƙasa, kuma da yawan masu saye ko masu kama haya ƴan kasuwa ne. Mai iyali da ƴaƴa goma da baƙi kullum, fili yake so na shimfiɗa tabarma da ɗaure raguna da ajiye mota. Abu na farko da ke tsone masa ido shi ne wannan ramin da ke tsakar gida.

Mu dai ba mu ga laifin wanda ya ce zai kawar da pisin ba, hasali ma muna ganin dabara ce. A yi lissafi irin na kasuwa. Pisin matsakaici mai tsawon mita 8, faɗin mita 4, zurfin mita 1 da rabi, yana cin ruwa lita 48,000. Wannan daidai yake da tano 240 mai lita 200, ko bido 1,920 mai lita 25 irin wanda ƴan garuwa ke turawa. A lokacin bazara kuwa rana da iska suna iya shanye kusan santimita 1 na ruwan a wuni guda, wato sama da lita 300 kullum suna tashi sama ba wanda ya sha. Ga kuɗin wutar injin da ke tace ruwan, ga maganin kulorin, ga ladan mai gyara. A garin da mata ke kwana a layin famfo, kamar yadda mutanen Damagaram suka daɗe da sani, wannan ba ƙaramar ɓarna ba ce.

Wanda kuma ya bar pisin haka nan ba kula ya fi kowa jawo masifa. Da zarar an kashe injin, ruwan ya yi kore, sauro ya samu gidan haihuwa. A cikin zafi irin namu, kwana goma sun ishi ƙwan sauro ya zama sauro mai cizo, kuma sauron ba ya sanin katangar mai gida, maƙwabta yake rabawa masassara. In an zubar da ruwan aka bar ramin a buɗe, ruwan sama zai sake taruwa a ƙasansa. Yaro mai rarrafe kuwa ko ruwan da bai kai gwiwa ba yana iya halaka shi, cikin minti kaɗan, ba tare da an ji kukansa ba.

Saboda haka a rushe. Maganarmu tana kan yadda ake rushewar da kuma inda ake kai abin da aka rushe.

Mutane da yawa ba su san nauyin abin da suke tonowa ba. Mita guda ta kankare, tsawo da faɗi da tsayi, tana kai tan 2 da ɗigo 4. Pisin ɗin da muka yi misali da shi, in kaurin bangonsa da daɓensa santimita 20 ne, ɓaraguzansa za su haura tan 30, ban da karo da bututu da ƙarafa. Wannan lodin kamiyo ne ba ɗaya ba, ba biyu ba. To mai gida sai ya yi jinga da magini a kan fasawa kawai, ya ce sauran a san yadda za a yi da shi. Magini ya kira masu amalanken jaki ya ba su ɗan abin da bai taka kara ya karya ba. Mai amalanke kuma ba zai wahalar da jakinsa zuwa bayan gari a kan wannan kuɗin ba, lambatu mafi kusa ko bakin ƙorama irin Gunti Yena nan zai juye. Kowa ya rage wa kansa asara, asarar ta gangara ta faɗa kan mai rumfa.

Kuma mun ga abin da ruwa ke yi in aka toshe masa hanya. A 2020 kogin Isa ya karya madatsa ya mamaye unguwannin Yamai. A damanar 2024 ambaliya ta kashe sama da mutum 300 a faɗin ƙasa, ta shafi fiye da mutum miliyan 1, birnin Maraɗi na cikin waɗanda suka fi jin jiki, tsohon masallacin Damagaram na ƙasa ma ya rushe a watan Satumba na shekarar. Ba mu ce ɓaraguzan pisin ne suka kawo wannan ba, ruwan ne ya yi yawa. To amma leda da shara ma sun ishi lambatunmu, balle a ƙara masu dutsen kankare. Leda dai in matasan unguwa suka fito aikin gayya suna iya kwashe ta da shebur. Guntun kankare mai ƙarfe a ciki kuwa yana zama daram, yashi ya taru a bayansa, lambatun ya mutu.

Ga yadda muke ganin mai mutunci zai yi aikin. Da farko a kira mai gyaran wuta ya cire wayoyin injin da na fitilun cikin ruwa kafin kowa ya ɗaga guduma. Ruwan da ke ciki, in ba ruɓaɓɓe ba ne, a bar shi kamar mako guda ba a ƙara masa magani ba, ƙarfin kulorin zai tafi, sai a shayar da itatuwa ko a ba masu buga bulo. Kada a sake shi gaba ɗaya a titi ya shiga gidajen mutane, kada kuma a tura shi cikin ramin masai ya cika ya tumbatsa.

Daga nan hanya biyu ce. Ta farko ita ce a fasa komai a fitar, bango da daɓe, a cike ramin da ƙasa mai kyau. Ta fi tsada amma ita ce mai kwanciyar hankali. Ta biyu ita ce a huhhuda daɓen ƙasa da manyan ramuka domin ruwa ya riƙa wucewa, a karya saman bangon kamar rabin mita zuwa mita guda, a farfasa shi ƙanana a jera a can ƙasa, sannan a cike da burji da yashi. Ko wacce aka bi, ba a juye ƙasa gaba ɗaya a tafi. Ana zuba kamar santimita 20 zuwa 30, a yayyafa ruwa, a daddaɓe sosai, sannan a ƙara wani. Kada a jefa itace ko katifa ko shara a ciki domin a rage kuɗin ƙasa, za su ruɓe, ƙasa ta lotsa bayan damana ɗaya ko biyu. Wanda ya cike ramin bai huda daɓen ba kuwa, tukunya ya binne a gidansa, ruwa zai taru a ciki wurin ya zama taɓo.

A nan akwai maganar amana da ta shafi dillalai da masu sayar da gidaje. Wurin da aka binne pisin ta hanya ta biyu bai dace a ɗora masa ɗaki ba, balle bene, sai injiniya ya duba. In ka sayar da gidan ka yi shiru, mai saye ya gina wa iyalinsa ɗaki a kai, bango ya tsage, alhakin yana wuyanka. Duk ɗan kasuwa ya san hukuncin wanda ya ɓoye aibin kaya. Ku kuma masu saye, ku tambayi maƙwabta da tsohon mai gadi ko an taɓa yin pisin a gidan, kafin ku biya.

Abin da ya fi ba mu mamaki shi ne ɓaraguzan da ake zubarwa da dare kaya ne masu kuɗi. Ƙarfen da ke cikin kankare, in aka fasa aka zare shi, masu sayen tsohon ƙarfe a Katako da kilo suke saye. Injin da bututu da tsani da karon da bai fashe ba duk suna da masu so. Kankaren kansa in aka farfasa shi ƙanana, masu gini suna neman sa domin cikon fandisho, kuma ya fi komai daɗin cike kwazazzaɓan hanyoyin da motocin kaya ke maƙalewa a cikinsu da damana. Sai dai a yi shi da sanin ma'aikatar magajin gari da mai unguwa, domin cikon da aka yi ba tsari shi ma yana karkatar da ruwa zuwa gidan wani.

Wasu za su ce me ya sa za a fasa abin da aka kashe miliyoyi wajen gina shi. Suna da gaskiyarsu. In pisin ɗin bai tsage ba, ana iya zuba masa rufin kankare mai ƙarfi da ƙaramar ƙofa mai makulli, a haɗa shi da indararo, ya zama rumbun ruwan sama na wanki da ban ruwan shuka. Wanda ya yi haka ya huta da ɓaraguzai, ya kuma huta da sayen ruwa na wani lokaci. Sharaɗin dai a rufe shi ruf, yadda sauro da yaro ba za su samu hanya ba.

Kiranmu ga mai gida shi ne ya sa kuɗin kwasa a cikin jinga tun farko, kuma kada ya biya cikon kuɗin sai ya aika yaronsa ya ga inda aka juye kayan. Ga hukumomin birane, a ware wuraren zuba ɓaraguzan gini a sanar da su a rediyo, a kuma ci tarar wanda ya aiko, domin kama mai amalanke shi kaɗai zalunci ne, shi ɗan aike ne. Ga shugabannin ƴan kasuwa da ƙungiyoyin mata, ku sa masu gadin dare su lura, in an ga amalanke na juye kankare a lambatu a bi sawunsa har gidan da ya fito, a kai magana gaban mai unguwa tun hadari bai haɗu ba.

Baiwar Allahn nan da ta kira mu ta koma rumfarta da bashin adashi a kanta. Mai gidan kuwa wataƙila har yanzu bai san abin da ya jawo mata ba, yana shan iska a sabon filinsa. In wannan takarda ta kai hannunsa, lambatun yana nan a toshe, kuma wata damanar na tafe.

Allah ya sa mu gyara, ya kare mu da dukiyoyinmu.