Wannan ba laburare ba ne, gidan haya ne

Rubutun yau yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya ajiye shi sai dare.

Ranar Talata na baro Suleja tun bayan asuba don in je makaranta in ƙarasa babi na biyu na kundina. Akwai littafi guda da na jingina kusan rabin babin a kansa. Tun zangon da ya wuce nake karanta shi a laburaren intanet na makarantarmu, kuma da yake ba a yarda ka sauke shi duka ba sai ƴan shafuka, duk alamomin da na yi da ƴan bayanan da na rubuta a gefe suna can cikin shafin kamfanin. Na zauna, na sa lambata da kalmar sirri, aka ce ba ni da izini. Na sake, haka. Na tashi na samu dattijon da ke kula da ɗakin.

"Baba, barka da aiki. Abin nan fa ya ƙi buɗewa."

Bai ko ɗago kai ba. "Ɗana, rajistar ce ta ƙare tun ƙarshen wata. An rubuta takarda, tana sama."

"To Baba, yaushe za ta sauko?"

"Ka dai yi ta addu'a."

Wallahi ban ga laifinsa ba, shi ma aikinsa ne aka mayar gadin kwamfutoci. Amma a kan hanyata ta fita na bi ta tsohon ɓangaren, inda ƙura ta lulluɓe kantoci, na zaro wani littafi mai hatimin 1985. Bangonsa ya yage, wani ya yi masa zane da biro, amma yana nan. Wanda ya saye shi wataƙila ya rasu, kamfanin da ya buga shi wataƙila ya rushe, kuma babu wanda zai zo ya ce a ba shi kayansa. Shi kuwa wanda ake yi mana alfahari da shi ranar bikin rantsar da sababbin ɗalibai, ana cewa muna da littattafai dubu ɗari kaza a intanet, ko shafi ɗaya a ciki ba namu ba ne.

Ga yadda abin yake, don da yawanmu ba mu sani ba. Idan jami'a ta biya irin su EBSCO, ProQuest ko Elsevier kuɗin shekara, izinin leƙawa ta saya na wata 12. Ranar da watannin suka cika ba a sabunta ba, ƙofa ta rufe, kuma sai dai in yarjejeniyar ta tanadi wani abu daban, kuɗin da aka zuba shekara da shekaru bai bar komai a kanta ba. Duk wanda ya taɓa zaman haya a Madalla ko Gauraka ya san wannan lissafin. Ka shekara goma kana biya, ranar da ka gaza ko ƙyauren banɗaki ba za ka tafi da shi ba.

Kuma hayar da dala ake biya. A watan Mayun 2023 dala tana wajen naira 460 a farashin gwamnati. Aka saki naira a watan Yuni, kafin ƙarshen Fabrairun 2024 ta haura 1,500. Ɗauki misali kawai, rajistar dala 10,000: da naira miliyan 4.6 ce, ta koma miliyan 15, alhali ba a ƙara maka ko littafi ɗaya ba. Wace jami'ar gwamnati ce kasafin laburarenta ya ninka sau uku a wata tara? Shi ya sa takardar Baba take sama.

Kada wani ya ce ai talaucinmu ne kawai. Waɗanda suke da kuɗin ma ana yi musu. A Amurka, tun 2011 kamfanin HarperCollins ya kafa wa laburaren gwamnati doka cewa littafin intanet in an ara shi sau 26 ya mutu, sai a sake saye. Fayil ne fa, ba ya yagewa, ba ya jiƙewa, amma aka ƙirƙira masa tsufa don a sake karɓar kuɗi. A Nuwamban 2019 Macmillan suka ce kowane laburare kwafi ɗaya tak zai samu na sabon littafi a makonni 8 na farko, sai da aka yi ta hayaniya suka janye a Maris 2020. A 2022 Wiley suka cire littattafai sama da 1,300 daga wani kunshin da jami'o'i ke biya, daidai lokacin da malamai suka gama tsara kwasa-kwasansu a kan littattafan. Suka mayar na ɗan lokaci bayan an yi ca a kansu. Can ke nan, inda ƙungiyoyin ma'aikatan laburare suke da lauyoyi da jaridu. Mu in aka yi mana, wa zai ji?

Ba sai mun je Amurka ba ma. Masu karanta littattafan Hausa sun tuna OkadaBooks. Marubutanmu nawa ne, musamman mata, suka zuba littattafansu a can, masu karatu suka saya da kuɗinsu? A ƙarshen Nuwamban 2023 kamfanin ya rufe. Ba zaginsu nake ba, sun yi ƙoƙari shekara goma, kasuwa ce ta ƙi. Abin da nake nunawa shi ne kamfani yana iya mutuwa, kuma duk wanda ya ajiye ƙwaƙwalwarsa a aljihun kamfani tare za a binne su.

Na san abin da za a rubuto min a ƙasa. "Kai ɗan gargajiya ne, duniya ta ci gaba." A'a. Ni da nake biyan kuɗin mota zuwa da dawowa, ina cin cunkoson Zuba, ni ne zan ƙi abin da zai sa in yi karatu daga ɗakina? A ajinmu akwai matan aure masu goyo, akwai ma'aikatan da sai dare suke samun zama, laburaren intanet rahama ne gare su. Kuma akwai mujallun kimiyya da babu yadda za a yi jami'a ta same su sai ta wannan hanya. Rigimata da waɗanda suka mayar da haya ita ce dukan tsarin ce, suka daina sayen littafi, suka daina ajiye namu, suka tara kwamfutoci a ɗaki mai sanyi don masu tantance kwasa-kwasai su zo su gani su sa maki.

Kuma mu daina yaudarar juna, kowa ya san inda ɗaliban digiri na biyu suke samun littattafai: guruf-guruf na Telegram da WhatsApp, da shafukan da ba a faɗin sunansu a gaban malami. Waɗannan ma ba abin dogaro ba ne. Amurka ta ƙwace adireshin Z-Library a Nuwamban 2022. Internet Archive, da suke ba da aron littattafan da suka saya suka ɗauki hotonsu, sun faɗi shari'a a 2023, suka sake faɗuwa a ɗaukaka ƙara a 2024, littattafai sama da 500,000 suka fita daga aro. Ƙofar gaba tsada, ta baya kuma ana ta toshe ta.

Abin da ya fi ci min rai ma ba wannan ba ne. Namu fa? Kundin digiri nawa ne aka rubuta a kan Suleja, a kan Gwari da Koro, a kan tukwanen Ladi Kwali, a kan yadda garin ya cika ya batse bayan an ɗauke sunan Abuja an ba babban birni? Suna ɗaure a sito, gara tana ci. Ɗalibi yana maimaita binciken da wani ya yi shekara 15 da suka wuce don bai san an yi ba. Littafin tarihin masarautar nan da Alhaji Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta, wanda aka buga fassararsa ta Turanci a Ibadan a 1952, ɗan Suleja nawa ne ya taɓa riƙe shi? Babu wani kamfani a Turai da zai zo ya adana mana waɗannan, don ba su da kasuwa a wurinsa. Aikin laburarenmu ne, kuma shi ne aikin da aka bari. Hedikwatar Laburaren Ƙasa da ke nan Abuja, tun 2006 aka ba da kwangilarta, yaron da aka haifa a shekarar yanzu yana jami'a.

Abin ba ya buƙatar mu'ujiza. Manhajar DSpace da jami'o'in duniya ke ajiye kundaye a kai kyauta ce. Na'urar ɗaukar hoton takardu, da sola, da ma'aikata biyu da za a biya su a kan lokaci, ba za su kai kuɗin rajistar shekara ɗaya ba. TETFund tana ware kuɗi don bunƙasa laburare, to a fito a gaya mana nawa ke tafiya haya, nawa ke sayen abin da zai zauna. Duk yarjejeniyar da za a sa wa hannu, a nemi sharaɗin cewa abin da aka biya a shekarun baya yana nan ko an daina biya. Littattafan da kowane kwas ya dogara a kansu a sayi na takarda ko da kwafi biyu ne. Kuma don Allah, in rajista za ta ƙare, a manna sanarwa wata guda kafin lokaci. Wannan ko sisi ba ya ci. Da an yi haka da na kwashe bayanaina.

Malaminmu mai duba aikina ya ce in kawo babin ranar Litinin, kuma ba ya son jin labari. Na samu wani a Zariya da ya ce akwai na takarda a wurinsu, zai yi min fotokwafin babi uku ya ba direba. Shugabannin ƙungiyar ɗaliban gaba da digiri, na san kuna karantawa. A zaman da za ku yi da hukuma, ku tambaya a rubuce: rajista nawa muke biya, nawa ne kowace, yaushe kowace za ta ƙare. Wanda irin wannan ta taɓa samunsa ya rubuta a ƙasa, da sunan kwas ɗinsa, zan tattara in kai musu da kaina.