Gyara Ko Ƙari? Aikin Sabon Gida A Idon Mai Haraji

Idan Bahaushe ya sayi gida, aka tambaye shi yaushe zai tare, amsar da ya saba bayarwa ita ce, "Sai an gama gyara." Wannan kalma ta gyara kuwa babban buhu ce, babu abin da ba ta ɗauka. Wanda ya toshe ɓarakar indararo gyara ya yi, wanda ya shafa farar ƙasa a zaure gyara ya yi, haka nan wanda ya rushe soro ya tayar da bene a gurbinsa, shi ma in ka tambaye shi zai ce maka ɗan gyara ne yake yi. To, dokar haraji ba ta yarda da wannan haɗin gambiza ba. Ta tsaga abin gida biyu, watau aikin da ya mayar da gida yadda yake a da, da aikin da ya ƙara masa wani abin da ba shi da shi. A kan wannan tsagi ne mai gida zai iya asarar dukiya mai yawa ranar da ya tashi sayarwa, alhali bai taɓa jin labarinsa ba.

Kakanninmu haraji da jangali suka sani, na kan mutum da na kan saniya, waɗanda Gwamnatocin Abubakar Rimi a Kano da Balarabe Musa a Kaduna suka soke a 1979. Harajin ribar kadara baƙo ne. An kafa shi a Ingila a 1965, mu kuma muka kwafo shi a 1967, aka fara da kashi 20 cikin ɗari, aka rage zuwa kashi 10 daga 1996. A watan Yuni na 2025 aka sa hannu a kan sabuwar dokar haraji wadda ta fara aiki ran 1 ga Janairu, 2026, ta haɗa ribar da mutum ya ci a kan kadara da sauran abin da yake samu, ana yanka masa hawa hawa har zuwa kashi 25 cikin ɗari. Ke nan abin da a da ake iya kawar da kai a kansa yanzu ya yi nauyi.

Lissafin ba shi da wuya. Ana ɗaukar kuɗin da aka sayar da gida, a ɗebe kuɗin da aka saye shi, a ɗebe ɗawainiyar ciniki kamar la'adar dillali da ladan lauya da na safiyo, sa'an nan a ɗebe abin da aka kashe wajen ƙara wa gidan daraja, muddin aikin yana nan ana ganinsa a ranar sayarwa. Abin da ya rage shi ne riba, shi ake yi wa haraji. Kuɗin gyara tsantsa, irin su fenti da sake gilashin taga da ya fashe, ba ya shiga. Mai gidan haya yana iya cire irin wannan daga kuɗin hayar shekarar da ya yi aikin. Amma wanda yake zaune cikin gidansa, ko gyara ya yi ko ƙari, babu abin da za a rage masa daga harajin albashi saboda simintin da ya saya, ko da yake mutane da yawa suna zaton akwai.

Mai karatu zai ce, ai doka ta yafe wa gidan da mutum yake zaune ciki, tare da filin da ke kewaye da shi har eka ɗaya. Gaskiya ne. Sai dai sabuwar doka ta ce sau ɗaya tak mutum zai ci wannan gajiya a rayuwarsa, mu kuwa mutane ne masu ƙaura daga ƙaramin gida zuwa babba gwargwadon yadda iyali ke yaɗuwa. Daɗin daɗawa, malamin jami'a da ke zaune a gidan ma'aikata, ya yi tanadi shekara da shekaru ya sayi gida a cikin gari ya zuba 'yan haya kafin ya yi ritaya, in bukata ta sa ya sayar, maganar nan da shi ake yi. Alal misali, a ce ya saya a kan Naira miliyan 20, ya kashe miliyan 8 kafin gidan ya zaunu, bayan 'yan shekaru ya sayar miliyan 40. In an karɓi miliyan 8 ɗin nan a matsayin ƙari, ribarsa miliyan 12 ce. In an ce gyara ne, ko an ce ba shi da shaida, ribar ta zama miliyan 20, kuma bambancin harajin zai iya kai wa miliyan 2.

Ni dai ban ga laifin tushen wannan ƙa'ida ba. Wanda ya zauna cikin gida shekara goma yana yi masa fenti, ai ya ci moriyar fentinsa, ba daidai ba ne ya dawo ya ce jama'a su rage masa haraji a kan abin da ya riga ya more. Inda nake da ja shi ne aikin farko, wanda ake yi tsakanin karɓar mabuɗi da tarewa. Wanda ya sayi gidan da rufinsa ke yoyo, katangarsa ta tsage, shaddarsa ta cika, ya same shi da araha ne saboda waɗannan aibobi. Kuɗin da mai sayarwa ya rage masa su ne zai miƙa wa birkila da kafinta. Da ya sayi lafiyayyen gida a kan miliyan 28, da ba wanda zai yi masa gardama a kan ko sisi. Don me za a yi masa gardama saboda ya biya kuɗin nan kashi biyu, 20 ga mai gida, 8 ga magina? Lalacewar da ya tarar ba shi ya jawo ta ba, bai kuma ci moriyar shekarun da suka haddasa ta ba.

Su kansu waɗanda muka aro dokar daga wurinsu sun daɗe da warware wannan. A 1923 wata kotu a Sikotilan ta yi shari'ar kamfanin Law Shipping, wanda ya sayi jirgin ruwa da ya riga ya jigata, bayan tafiya ɗaya ya kashe kuɗi mai yawa wajen ɗora shi a kan hanya, ya nemi a cire su daga ribar shekara a matsayin gyara. Alƙalai suka ce abin da aka kashe don magance lalacewar da aka gada daga mai jirgin na farko wani yanki ne na kuɗin saye. A 1971 kuma kotun ɗaukaka ƙara ta Ingila ta duba shari'ar kamfanin Odeon, wanda ya sayi gidajen silima da aka daɗe ba a taɓa ba saboda takurar lokacin yaƙin duniya na biyu. A nan aka ce gyara ne, domin gidajen suna aiki a ranar da aka saye su, kuma halin da suke ciki bai rage musu farashi ba. Ma'aunin da ya fito daga shari'un biyu shi ne, shin abin yana moruwa yadda aka saye shi, kuma shin an yi rangwame saboda lalacewarsa? Ba tilas ne kotunanmu su bi hukuncin can ba, amma sukan duba shi. Abin lura ma shi ne, a shari'ar jirgin, mai haraji ne da kansa ya dage a kan cewa aikin farko kuɗin saye ne, domin a ranar hakan ne ya fi masa riba. Bai kamata ya sake baki ba ranar da maganar ta juyo ta amfani mai gida.

Amma fa dokar da aka yanka wa gidan jan bulo na Ingila ba ta zauna daidai a jikin gidan ƙasa ba. Gidan tubali da azara rayuwarsa duka gyara ce: kowace shekara kafin damina sai an yi yaɓe, an bi rufi da makuba ko laso, an duba bakin indararo. Wanda ya sayi irin wannan gida a Kano ko Zariya ko Katsina a yau, da wuya ya mayar da shi yadda yake. In katanga ta faɗi da bulo zai tayar da ita, in azara ta ruɓe kwano zai ɗora, in daɓe ya farfashe siminti zai zuba. Katangar nan dai ita ce, a inda take, tsawonta bai ƙaru ba, saboda haka wani jami'i zai ce gyara ne da kayan zamani. Wani kuwa zai ce katangar da ba ta bukatar yaɓe ta fi wadda ke bukata, saboda haka ƙari ne. Duk su biyun suna da hujja, kuma inda hujja ta rabu biyu a ofishin haraji, kowa ya san yadda akan ƙare. A ganina duk aikin da ya sauya jinsin kayan gini daga ƙasa zuwa bulo ko daga azara zuwa kwano a rubuta shi a fili cewa ƙari ne, a huta.

Sai maganar shaida, wadda ta fi duka ciwo. Doka rasit take nema, mu kuwa aikin gininmu da baki ake yinsa. Mai tifar yashi ba ya ba da takarda, lebura ba ya ba da takarda, birkila kuɗin yini yake karɓa da la'asar ya wanke ƙafa ya tafi. Mai sayar da siminti da rodi ne kaɗai za ka iya samun rasit a wurinsa, shi ma sai ka roƙa. Bayan shekara goma sha biyar ina za a nemo su? Ya kamata hukumomin haraji na jihohi, waɗanda su ke karɓar wannan haraji daga hannun ɗaiɗaikun mutane, su yarda da shaidar da ta dace da yadda muke aiki: littafin da mai gida ya riƙa rubuta abin da ya kashe, magini ya sa hannu tare da shaidu biyu, da hotunan gidan kafin aiki da bayansa, da bayanin kuɗin da aka tura ta banki, ko kuma ƙiyasin ƙwararren mai kimanta gidaje. Kafin su yarda, wanda ya sayi gida bana ya sayi littafi mai bango tun kafin ya sayi buhun siminti na farko, ya kuma raba shafin gyara da na ƙari.

Ko an karɓi shaidar ma, Nairar da aka kashe shekara goma da suka wuce ba ita ce ta yau ba, amma lissafi yana ɗaukarsu ɗaya, har a yi wa mutum haraji a kan ribar da hauhawar farashi ce kawai ta haifar. Ingila ta shigo da rangwame saboda wannan a 1982, ta kuma janye wa ɗaiɗaikun mutane shi a 2008. Mu da darajar kuɗinmu ta fi tasu zaizayewa mun fi su bukatarsa.

Akwai kason da ya faɗo a kan wannan Sashe namu. Muddin mai fassara a rediyo ko a takardar sanarwa zai ci gaba da kiran ayyukan biyu da sunan gyara, mai sauraro ba zai taɓa gane cewa akwai bambanci ba, balle ya adana shaida. Ina ba da shawarar a tsayar da "gyara" ga aikin da ya mayar da abu yadda yake, a tsayar da "ƙari" ga ɗaki ko rijiya ko bene ko katangar da babu ita a da, a kuma sa wa aikin farko na gidan da aka saya a lalace suna nasa na kansa, watau "cikon saye", tunda a harshen kasuwa ciko shi ne ragowar kuɗin da mai saye bai gama biya ba.